Corvette ZR1 mai doki 1,064: Amurka ta kamo Turai ne, ko dai hayaniya ce?

Ɗan Houston:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau sai an yi ta ta ƙare a kan sabuwar Corvette ZR1, don na gaji da jin wai motar Amurka miƙaƙƙen titi kawai ta iya. Injin V8 ne mai lita 5.5, turbo biyu, ƙarfin doki 1,064. Shugaban GM, uwar kamfanin Chevrolet mai ƙera Corvette, Mark Reuss, da kansa ya kama sitiyari a filin gwaji na Papenburg da ke Jamus a 2024, ta buga kilomita 375 a awa. Farashinta a 2025 ya fara daga dala 174,995. To ina masu Ferrari da Porsche na gidan nan? A kawo min mota ɗaya daga Turai mai wannan ƙarfin, ko da a ninkin kuɗin ne. Ina nan ina jira.

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam. Yaya, ko gaisawa ba a gama ba ka taso da rigima? To ga amsarka: Porsche Taycan Turbo GT. Ta haura doki 1,000, kuma kuɗinta bai kai ninkin na ZR1 ba.

Ɗan Houston:
Haba Hajiya, mota nake magana, mai shan fetur. In lantarki za a shigo da shi ai Tesla Model S Plaid ma doki 1,020 gare ta, kuma ba ta kai ko kusa da wannan kuɗin ba. Taycan ɗin nan ta haura tan 2, batir kawai take ɗauke da shi.

Maman Hanan:
Ka ce mota, ba ka ce mai fetur ba. Amma na bar maka. Ni matsalata da irin wannan magana ita ce kullum lamba ake karanto mana. Wanda ya sayi Porsche 911 GT3 ya san dokinta 500 ne da 'yan kai, bai damu ba. Abin da ya biya shi ne yadda sitiyari ke gaya masa halin da tayar gaba take ciki in ya shiga kwana. Wannan ba a rubuta shi a takardar talla.

Baba Bakanike:
Salamu alaikum. Yara, ni ba na jayayya da lamba, masu awo sun auna. Abin da na sani a sana'ar nan shi ne zafi. Duk dokin da kuka ƙirga, wuta ce ake hurawa a cikin ƙarfe. Ku tuna Corvette Z06 ta 2015. Ita ma an yi mata kirari kamar me, amma masu ita da suka shiga filin tsere a lokacin zafi sai ta riƙa rage wa kanta ƙarfi saboda obahitin, har wasu suka kai ƙara kotu. Waccan doki 650 ce, injinta a gaba yana shan iska. Yanzu an ce 1,064, an kuma cusa injin a bayan kujera da turbo biyu suna ja kamar garwashi. Ina zafin yake bi ya fita? Wannan nake so a gaya min.

Injiniyan Zariya:
Baba, tambayarka ita ce ta fi komai muhimmanci a zancen nan, kuma daga ganin motar ka san abin ya hana injiniyoyinsu barci. Sauran Corvette na wannan zubin suna da but biyu, gaba da baya. A ZR1 an sadaukar da na gaba gaba ɗaya. Iska na shiga ta hanci, ta ratsa lagireton da ke sanyaya ruwan da ke rage zafin iskar turbo, sannan ta fito ta wani babban rami a saman bonet. Riba biyu ke nan: an sanyaya, kuma iskar da ke fita ta sama tana danne gaban motar a ƙasa. Gilashin baya ma da aka raba biyu, mutane sun ɗauka kwalliya ce kawai ta tunawa da Corvette ta 1963. Haka ne, amma ƙashin da ke tsakiyar yana da ƙofofi da zafin inji ke bi ya fice. Akwai kuma ƙarin mashigar iska a gefe don birkin baya.

Shi injin kuma ba irin V8 ɗin Amurka da muka saba ba ne. Sunansa LT7, ɗan'uwan LT6 na cikin Z06. A tsohon salo, hannayen ƙaranshaf suna kallon kusurwa huɗu, digiri 90 tsakaninsu, shi ne ke ba da wannan gurnani mai kauri na Mustang da Camaro. A wannan kuwa a shimfiɗe suke, digiri 180, kamar na Ferrari. Ƙaranshaf ɗin ya fi sauƙin nauyi, inji na hawa da sauri, hayaƙi na fita a jere ba cunkoso. Shi ya sa LT6 ke kai juyi 8,600 a minti ba tare da turbo ba, ta ba da doki 670. LT7 na tsayawa a 8,000. Aibinsa shi ne karkarwa, musamman inji mai girma haka, dole a yi ta dabarar da ba za ta kwance kusoshi ba.

Maman Hanan:
Madalla, Injiniya ya yi min aikina. Wato sai da suka kwaikwayi Ferrari kafin su kai nan. Su da bakinsu suka ce sun sayi injin Ferrari 458 da ta yi haɗari, suka farke shi suka duba cikinsa lokacin da suke haɗa Z06.

Ɗan Houston:
To sai me? Wa ya fara duniya da iyawa? Kowane kamfani na sayen motar abokin gasa ya kwance. Abin tambaya shi ne me ka yi da abin da ka gani. Ferrari SF90 sai da ta haɗa da injinan lantarki uku kafin ta kai wajen doki 1,000, kuɗinta kuma ya haura dala rabin miliyan. Bugatti Veyron da ta gigita duniya a 2005 doki 1,001 ce, silinda 16, turbo huɗu, fiye da dala miliyan 1. Yau ga Chevrolet, kamfanin da ke ƙera a-kori-kura ta manoma, ya wuce wannan lambar da silinda 8.

Mustang Har Abada:
Ana ta Turai Turai, an manta wanda ya fara buɗe ƙofar. Ford Mustang GTD ce motar Amurka ta farko da ta zagaye filin tsere na Nürburgring da ke Jamus ƙasa da minti 7. Ta yi 6:57 a 2024, ta koma ta yi 6:52 a 2025. Da doki 815 kacal, inji a gaba. Sai da Ford ta nuna ana iyawa sannan GM ta yi ƙarfin halin bayyana lokacinta.

Ɗan Houston:
Oga, ka ƙarasa labarin mana. Da GM ta je fa? ZR1 ta yi 6:50.763. ZR1X, mai ƙarin injin lantarki a tayoyin gaba, doki 1,250, ta yi 6:49.275. Duka biyun sun wuce GTD ɗinka. Kuma Ford ƙwararren ɗan tsere ta ɗauko, Dirk Müller, wanda ya ci tseren Le Mans a ajinsa. GM kuwa injiniyoyinta ta sa, ma'aikatan da ke karɓar albashi a ƙarshen wata. Sannan GTD sama da dala 300,000 ce, kuma sai ka cika takardar neman izini Ford ta ga ka cancanta kafin ta sayar maka.

Maman Hanan:
Tsaya nan Yaya, wannan lambar da ka kawo ni ta taimaka. Porsche 911 GT3 RS ta yi 6:49.328 a hanyar nan tun 2022. Dokinta 518. Wato Corvette mai doki 1,250 da tayoyi huɗu suna ja, a hanya mai kusan kilomita 21, ba ta tsere wa Porsche da ko kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ita ZR1 ɗin da kake wa kirari ma bayan Porsche take. Ninkin ƙarfi, lokaci ɗaya. Ina sauran dawakin suka tafi?

Sarkin Zaure:
Kai, wannan ta shiga. Ɗan Houston, a sha ruwa a dawo.

Injiniyan Zariya:
Hajiya ta yi gaskiya a lamba, amma akwai bayani. Nürburgring yawancinta kwanoni ne, hawa da gangara, ga kwalta mai tsalle. A irin wannan wuri sauƙin nauyi da riƙon taya da sanin hanya sun fi doki amfani. GT3 RS ba ta kai kilo 1,500 ba, ZR1 kuwa ta haura 1,650 tun ba a zuba mata mai da ruwa ba. Sannan direbobin Porsche a hanyar nan suka girma, sun san kowane tudu. Da za a ba irinsu Corvette, na yi imani za a ga ragi. A filayen Amurka, inda mutanen GM suka san ƙasa, ZR1 ta kafa tarihi a Road America da Watkins Glen da Road Atlanta da kuma filin Virginia. Duk da haka ba na musun cewa Porsche ta fi iya cin moriyar kowane doki da take da shi.

Tsohon Direba:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni damuwata daban ce. Wannan abar ba Corvette ba ce a wurina. Corvette da na taso ina so doguwar bonet gare ta, kana zaune kusan a kan tayar baya, kana hango hancinta can gaba. Ka taka kuloci, ka sa giya da hannunka, salansa ta yi gurnani har ƙirjinka ya amsa. ZR1 ta 2019 haka take: doki 755, inji a gaba, kuma kana iya zaɓar giyar hannu mai hawa 7. Ita ce ta ƙarshe. Tun da aka fito da sabon zubi a 2020 babu giyar hannu ko ɗaya, sai otomatik mai hawa 8 da ake taɓawa a bayan sitiyari. In ka hango ta daga nesa ma sai ka rantse wata 'yar Italiya ce. Viper ta mutu a 2017, Camaro ta bi, Challenger ma an rufe. Ɗaya da ta rage kuma ta sauya kama.

Ɗan Houston:
Baba Direba, ranka ya daɗe, na fahimci ciwon. Amma mayar da inji tsakiya ba ra'ayin yaran zamani ba ne. Zora Arkus-Duntov, wanda ake kira uban Corvette, tun wajen 1960 yake ƙera motocin gwaji masu inji a tsakiya, CERV I da CERV II, yana roƙon manyan GM su yarda. Ya yi ritaya a 1975 ba su yarda ba, ya rasu a 1996 bai gani ba. Tokarsa ma tana ajiye a gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky, tsallaken masana'antar da ake haɗa motar. Dalilinsa kuma mai sauƙi ne: in inji na gaba, ƙarfi na baya, akwai iyakar da in ka wuce ta taya sai dai ta yi ta juyawa a banza tana hayaƙi. Nauyin inji a kan tayoyin baya shi ya sa ZR1 ke tashi daga tsaye zuwa kilomita 96 a awa cikin daƙiƙa 2.3 alhali tayoyi biyu ne kawai ke tura ta.

Tsohon Direba:
Ɗana, ni daƙiƙa 2.3 me za ta yi min? A wane titi? A Amurka ma in ka taka ta daƙiƙa biyar ka riga ka shiga hannun 'yan sanda. Ni abin da zan ji daɗinsa a kilomita 80 nake so. Porsche har gobe tana sayar da GT3 da giyar hannu. Cadillac, 'yar gida ɗaya da Chevrolet, tana da CT5-V Blackwing mai doki 668 da giyar hannu. Ashe ana iyawa.

Maman Hanan:
Allah ya ƙara girma Baba. A nan kam muna tare.

Injiniyan Zariya:
A doki 668 ana iyawa, Baba. A 1,064 kuloci da ƙafar mutum zai taka sai ya yi tauri sosai, kuma duk lokacin da ka ɗaga ƙafa don sauya giya turbo na sakin iskar da ya tara. Giyar da suka sa kuloci biyu gare ta, kafin ɗaya ya saki ɗayan ya riga ya kama. Ita ma sai da suka ƙara mata ƙarfin haƙora da sanduna kafin ta iya ɗaukar wannan injin.

Ɗan Houston:
Bari in ba ku abin da ido ya gani. Akwai taron masu motoci da ake yi da safiyar Asabar a nan, kowa ya kawo tasa a sha kofi. Wani dattijo ya zo da ZR1 ruwan ɗorawa, mai babban fiffiken baya. Abin da ya fara kama idona tayar baya ce, faɗin 345, na durƙusa na ɗora tafin hannuna biyu a jere ban rufe ta ba. Roban kuma laushi gare shi, tsakuwoyi duk sun manne a jiki. Ramin bonet ɗin nan da Injiniya ya faɗa, kana leƙawa kana ganin lagireto a kwance. Ya kashe ta ya fi minti goma amma in ka tsaya ta baya iska mai zafi na dukan fuskarka daga ƙofofin gilashin. A kan injin akwai ɗan ƙaramin allo da sunan mutumin da ya haɗa shi da hannu. Da ya tayar da ita kuwa, gaskiya ba ta kai Z06 kururuwa ba, turbo ya shanye sautin, sai wani huci da fito da ke biyo baya in ya saki totur.

Baba Bakanike:
Ka ji ko? Minti goma tana huci. A Texas ke nan, inda akwai mai gyaranta a kowane gari. Kuma ba a 2025 GM ta kira Z06 da ZR1 a dawo da su gyara ba, saboda in fetur ya zube lokacin shan mai fankar lagireto na iya jan shi zuwa wuri mai zafi ya kama wuta? Ban ce motar banza ba ce. Na ce wuta da fetur maƙwabtaka suke yi a cikinta.

Mustang Har Abada:
Baba ya gama magana.

Ɗan Houston:
Oga, kai kam ka yi shiru, in ana maganar kiran motoci gyara Ford ba ta da bakin magana a 2025. Baba kuma gaskiya ne an yi kiran, kuma gyaran ɗan murfi ne da ake sawa ya kare wurin. Ferrari 458 da Hajiya ke taƙama da ita ma an kira ta a 2010 saboda kama wuta. Porsche kuwa a 2014 injin GT3 gaba ɗaya ta sauya wa mutane.

Maman Hanan:
Wannan kuma tonon silili ne, ba muhawara ba.

Malamin Lissafi:
Ni ɗan kallo ne amma bari in tsoma baki a kan kuɗi. Ana ta cewa araha, araha. Araha ga wa? Abin da ya ɗaukaka Corvette tun 1953 shi ne ma'aikaci zai iya tara kuɗi shekara da shekaru, in ya yi ritaya ya saya. Da sabon zubi ya fito a 2020 dala 59,995 aka sa wa ta ƙasa, kowa ya yi ta mamaki. ZR1 ta 2019 wajen dala 120,000 ce. Sabuwar kuwa a 2025 daga 174,995 ta fara tun ba ka zaɓi komai ba. Ka ƙara fiffike da tayoyin tsere da kujeru, ka doshi 200,000. ZR1X kuma daga sama da 200,000 ta fara. Wannan ba kasuwar ma'aikaci ba ce, kasuwar wanda ya riga ya ajiye Ferrari a gareji ce yake neman abin wasa na biyu. ZR1 ta farko da aka ƙera ma a gwanjon Barrett-Jackson aka sayar, Rick Hendrick ya biya dala miliyan 3.7, kodayake kuɗin sadaka aka yi da su.

Ɗan Houston:
Malam, a nan ba ni da ja sosai. Kuma farashin takarda ma mafarki ne. Na leƙa wurin wani dila a nan na tambaya don jin kunne, mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce jerin masu jira ya cika, amma in ina da niyya akwai hanya. Hanyar ita ce ƙarin da ya isa ka sayi wata sabuwar mota daban. Shi ya sa GM ta fito da sharaɗi tun lokacin Z06, cewa wanda ya saya ya yi saurin sayarwa don cin riba, garantin ba zai bi motar zuwa hannu na biyu ba. Sai dai Corvette Stingray ta ƙasa tana nan, doki 490 da ɗoriya, zubi ɗaya, masana'anta ɗaya. Ma'aikacin bai rasa tasa ba.

Dillalin Kwatano:
Jama'a ina ta karatu ina dariya, don na san ƙarshenta ni za a kira. Wallahi kafin shekara biyu wani Alhaji zai turo min hoto ya ce a nemo masa. In ka lissafa dala a naira 1,500, kuɗin takarda kaɗai ya haura miliyan 260, ba jirgi, ba kwastan. Kuma yawancin irin waɗannan da ke isowa gare mu masu haɗari ne daga gwanjon inshora. Jikin Corvette ba ƙarfe ba ne da mai fanel bita zai daddaka da guduma ya shafa foti. Tun ta farko da faiba ake yin ta, wannan kuma ga kabon ko'ina. In ya tsage sai sabo. Birkinta na kabon da yumɓu ne, faifai ɗaya ya isa ya sa mutum hawan jini. Ga fetur, mai ƙarfin oktan take so, irin wanda ko a Amurka famfonsa daban.

Injiniyan Zariya:
Akwai na'urar da ke ɗaga hancinta 'yan santimita in za a hau tudun rage gudu, har tana haddace wurare 1,000 da GPS, in ka iso ta ɗaga da kanta.

Dillalin Kwatano:
Wurare 1,000? Injiniya, wannan ai kafin a fita daga unguwa ɗaya ta cika.

Sarkin Zaure:
To kafin a watse, kowa ya faɗi tasa. An ba ka makulli ɗaya kyauta, mai da gyara a wuyan wanda ya ba ka. Wacce?

Maman Hanan:
GT3 mai giyar hannu. Amma in an ba ni ZR1 na zagaye ɗaya a fili ba zan ƙi ba.

Mustang Har Abada:
GTD. Kuma ku rubuta ku ajiye, Ford za ta koma Jamus.

Tsohon Direba:
ZR1 ta 2019, ja, mai kuloci.

Injiniyan Zariya:
Ni Z06 zan ɗauka. Doki 670 ya ishe ni tsoro, kuma ina son jin juyi 8,600 ba turbo a tsakani.

Ɗan Houston:
Kai Injiniya, duk bayanin nan da ka yi ashe ba ka tare da ni? ZR1 nake so, mai fiffiken, baƙa.

Baba Bakanike:
Ni ku bar ni da makullin gareji, duk wanda ya ɗauka wurina zai dawo. Ɗan Houston, in ka sake haɗuwa da dattijon nan ka tambayar min shi kilomita nawa tayar baya ta yi masa kafin ta cinye, sannan in ya yarda ka kwanta ka ɗauko min hoton ƙarƙashinta, ina so in ga ta inda ake kai hannu ga filtar mai.